Tsatsa Ta Wanke Kawu Ɗahiru

Laraba da dare, Talata Mafara

Alhamdu lillahi, sakamako ya iso daga ɗakin gwaji. Na'urar da ke haska saman ƙarfe ta karanta tsatsar da na kankaro a ƙofar ruwan madatsar Bakolori. Gishirin takin zamani ne ya ci ƙarfen, ba waldar Kawu Ɗahiru ba. Wata biyu injiniya yana ɗora masa laifi, har ana batun korarsa.

Na miƙa wa injiniya takardar. Ya karanta, sannan ya ce, "Ka yi gaskiya, Malam Bello."

Da na gaya wa Kawu a gareji, ya ajiye guduma ya ce, "Ɗana, ashe haske ma na ba da shaida?" Sai ya rufe fuska da hula. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau.