Alewar da Babu Azurfa a Kanta

Kolhapur, Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Jinesh, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka a kan jar ƙasar garinmu, inuwar da na zaɓa da kaina ban yi shawara da kowa ba, kuma mutumin da ya fi kowa ba ni haushi a faɗin garin nan.

A tsaye nake rubuta maka wannan a kicin, hannuna yana ƙanshin man shanu, alewar kashu tana shan iska a kan faranti. Kafin ta huce in yanka ta, zan amayar maka da abin da na yi kwana goma sha ɗaya ina haɗiyewa. In ka ga tabo a gefen takardar, maiƙo ne, kada ka ɗauka hawaye ne ka ji daɗi. Hawayen na gama su tun wancan makon.

Ka tuna ranar da ka zo gonar babana a Vengurla? Ɗan birni da farar riga, ka tsinci ɗanyen ƙwallon kashu ka ce kai sai ka fasa shi da hannunka. Na hana ka, ka ƙi ji. Ruwan ɓawon ya ƙone maka yatsu biyu, kana yarfe hannu amma ka ƙi sakin ƙwallon. Ka dube ni ka ce, "Ketaki, ni abin da na ɗauka ba na yar da shi don ya ƙone ni." A ranar na ba ka zuciyata ɗungurungum, ban rage ko na gobe ba. Ina wannan mutumin ya shiga, masoyina? Shi nake nema.

Don ban gan shi ba ranar da na zo gidanku. Kai ka faɗa mini cewa ba a maganar aure a gidan sai kakarka Kantaben ta ɗanɗana abin hannun yarinya, bakinta ya yi zaƙi. Na yi kaju katli, wato alewar kashu, na lulluɓe ta da siririn fallen azurfar da ake ci tana sheƙi, don a gidanmu abin kunya ne a miƙa wa babba alewa tsirara. Shekara biyu kana koya mini dokokin gidanku na addinin Jain: babu nama, babu albasa, babu dankali, babu ci bayan faɗuwar rana. Na haddace su duka. Azurfar ce kaɗai ka manta.

Har yanzu ina ganin yadda Kaka ta ture farantin da bayan yatsa, a hankali, babu faɗa. Ta ce, "'Yar nan, kin san a cikin me ake buga wannan abin mai ƙyalli? Tsakanin fatun dabba. Shekarata tamanin da biyu bai taɓa shiga bakina ba." Na ce mai shagon da na saya a wurinsa ya rantse mini na inji ne, bai taɓa fata ba. Ta ce, "Ke ya rantse wa. Ni wa zai rantse mini?" Na juya na dube ka, kai kuwa ka ƙura wa babban yatsan ƙafarka ido kamar ranar ka fara ganinsa.

Ban so ka ci abin da addininka ya hana ka ba, ko kusa. Magana ɗaya na jira: "Laifina ne, ni ban faɗa mata ba." Ba ta fito ba. Ƙanwarka Hetal ce ta tashi ta ɗauke farantin, ita ce ta raka ni bakin ƙofa, ita ce kuma ta yi ta lallaɓa Kaka har ta yarda a sake kawowa sau ɗaya. Na ji kunya ranar, amma ba kunyar ce ta hana ni barci ba. Shirunka ne.

Yau sai da rana ta fito sosai na kunna wuta, yadda kuke yi. Na tace ruwa da farin ƙyalle. Kashun da Baba ya aiko mini na raba kowane ƙwallo biyu na duba cikinsa, kada ƙwaro ya ɓuya in ɗauki alhakinsa in kai wa Kaka. Na niƙa kaɗan kaɗan, ina kunna inji ina kashewa, don in aka matsa wa kashu sai ya fitar da mai ya dunƙule. Na tankaɗe garin sau biyu. Mamata tana kan waya tana binciken kowane motsina daga can ƙauye. "Zare ɗaya, Ketaki! Ki ɗiga ruwan sukarin tsakanin yatsu ki ja. In ya yi zare biyu, dutse za ki kai wa surukai." Sannan ta ce, "Shi yaron nan, yana da baki kuwa?" Na ce mata sukari zai ƙone, na kashe wayar.

Ya kuwa ƙone, hasken raina. Ina tsaye da ludayi ina neman amsar da zan ba ta a kanka, ruwan ya wuce zare ɗaya, tukunyar farko ta daskare ta koma tsakuwa. Na zauna a ƙasa na dubi ragowar garin, kofi biyu cif, babu wani a bayansa. Na tashi na sake ɗora kasko. Wannan karon na kore ka daga kaina da ƙyar, na ja zaren ya tsaya shi kaɗai, siriri, na zuba garin na yi ta juyawa har ƙullun ya saki gefen kasko. Na juye shi da zafinsa na murza da tafin hannu, don in ya huce ba ya murzuwa. Tafina ya yi ja, yana zogi har yanzu. Ban sake shi ba.

Ga ta nan a shimfiɗe, babu azurfa, babu abin da ya rufe ta. Akwai 'yar tsaga a gefe ɗaya, akwai wurin da yatsana ya lotsa. Na so in gyara, na fasa. Haka nake, haka za a gan ni.

Na ajiye biro na yanka. Guda ashirin da ɗaya suka fito, na jera su a kwanon ƙarfen mamata. Hetal za ta zo ɗauka da ƙarfe biyu, Kaka kuma tana cin abincinta da biyar, kafin rana ta faɗi. Ga roƙona, ya abin ƙaunata. Kai za ka buɗe murfin da hannunka, ba Hetal ba. Ka faɗi sunan wadda ta yi, da ƙarfi, yadda na ƙarshen ɗaki zai ji. Ka miƙa wa Kaka. In ta karɓa, ka san ba a mayar da kwano fanko. Ko ƙwayar sukari ta jefa a ciki zan gane, zan zo in taɓa ƙafarta in nemi albarka. In ta kawar da kai, ba zan ƙullace ta ba, tsohuwa ce mai riƙe da abinta. Amma a lokacin ka ɗauki guda ɗaya ka ci a gabansu duka. Yau babu azurfar da za ka fake da ita.

Zan ƙirga idan kwanon ya dawo. In na tarar da ashirin, ya ishe ni. Zan jira Kaka shekara, zan jira ta goma, zan yi ta niƙa kashu har ta gaji da ƙi. In na tarar da ashirin da ɗaya, ranar Talata zan hau motar Vengurla, ba kuma zan tsaya tsakaninka da gidanku ba. Son ba zai bar ni ba, wannan na sani, zan tafi da shi ne kawai in riƙe shi ni kaɗai. Kada ka sa ni yin haka, Jinesh. Ina tsoro ƙwarai.

Ga ƙarar babur ɗin Hetal nan a ƙasa, ta zo da wuri. Na rufe kwanon.

Taka, wadda ta ɗauke ka kuma ba ta yar da kai ba duk da ƙunar,
Ketaki.