Dokar da Ta Kusa Bin Modibbo Kabari

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga ɗana Badruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can Alƙahira, kai da karatun shari'ar nan naka da ya ƙi ƙarewa. Allah ya ƙara basira, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kalau muke, sai gwiwata da ke ta ƙorafi. Ƙanwarka Radiyya ta fara koyon ɗinki, ta riga ta ɓata mini zane biyu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar mahaifinka, Yaya Jalo. Ka san al'adarmu ta Zungur: ko an gama girbi, ba mai sakin shanu cikin gonaki su ci kara sai tsoho Modibbo ya zagaya da ƙafarsa, ya duba, ya yi shela. To, Modibbo ya rasu da damina, ba kuma wanda ya tuna a naɗa wani. Yaya ya ga an yanke dawa a gonar maƙwabcinsa Irmiya, ya ɗauka an gama, ya saki garke. Ashe waken da ke ƙarƙashin karan ba a rore shi ba. Kafin azahar shanu sun share shi tas.

Ɗana, na ji tsoro ƙwarai. Samarin gari suka ce makiyaya su tashi su bar musu ƙasa, namu samarin kuma suka fara maganganun da ba zan rubuta ba. Mahaifinka, da kunyar nan tasa, sai ya shiga tuge turakun maruƙa yana shirin ƙaura. Mutumin da ya shekara arba'in a wurin, ga kabarin mahaifiyarka a bayan ruga! Na hau keke Napep na tafi Zungur ba ko shiri.

A ƙofar mai unguwa aka zauna. Kowa ya kawo dokar yadda ya tuna ta, wani ya ce bayan kwana bakwai ake saki, wani ya ce sai wata ya kama. Irmiya ne ya tsayar da hayaniyar. Ya ce wakensa ya tafi, kuma ya ji zafi, amma shi bai ga mugu a nan ba, ya ga dai mutanen da suka ajiye dokarsu a kan tsoho ɗaya har aka binne su tare. Nan na tuna hirar da ka taɓa cika mini kunne da ita, ta sarkin Babila na zamanin da, wanda ya sa aka sassaƙa dokoki a jikin dutse, har da hukuncin makiyayin da ya shigar da tumaki gonar wani ba izini. Na nemi izini na faɗa musu. Aka yi dariya, wai ashe rigimar tamu ta girmi kakannin kowa. Dariyar ce ta sassauta zukata.

A ranar aka rubuta komai, da boko da ajami: mutum biyu za su riƙa zagaya gonaki, manomi da makiyayi, sannan a yi shela. Takarda ɗaya tana masallaci, ɗaya tana coci. Hukuncin Yaya kuwa, shanunsa za su yi rani a gonar Irmiya su zuba mata taki. Ya karɓa da hannu biyu, don ya ce gara hukuncin da ya sani da afuwar da za a yi ta masa gori a kanta. Jiya Irmiya da kansa ya riƙe wa Yaya turakun yana kafa su a inda ya tuge su.

Ka gaida Saudatu da yara. Ƙannenka Lailatu da Radiyya suna gaishe ka, haka ma Phoebe matar Irmiya. Allah ya sada mu da alheri.

Goggonka,
Habibatu