Masauki Ga Yara Goma Sha Tara

Honiara, Talata, 7 ga Nuwamba

Zuwa ga uwargidana Ethel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya jikinki, yaya gwiwar nan? Ina fata kina shafa man da nas ta ba ki, ba ɓoye shi kika yi don baƙi ba. Yaya 'yarmu Lilian da yaranta, da mutanen tsibirinmu Tevalo baki ɗaya? Ni na iso lafiya bayan kwana huɗu a jirgin ruwa. Wani malamin asibiti da zai tafi garin Lata zan ba wannan takarda, daga can masu kwalekwale su kawo miki.

Bari in fara da abin da ya fi damuna. A kwana na uku igiyar ruwa ta hau jirgi ta jiƙa jakata. Takardar kokenmu, wadda mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka dangwala wa yatsa, ta jiƙe sharkaf, tawadar ta cakuɗe. Haka na shiga ofishin babban taron ikilisiya na ƙasa riƙe da ita kamar tsumma, ban ma san me zan ce ba.

Akwai wata mai buga takardu a ofishin, Jenita Maeta, 'yar tsibirin Malaita. Aiki ya yi mata yawa, wakilai sun yi layi a gabanta, amma ta ba ni kujera. Ta aro dutsen guga ta busar da shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce in faɗa mata abin da ke ciki da bakina. Na gaya mata teku ta cinye rabin maƙabartarmu, rijiyoyi uku sun koma gishiri, gwaza tana ruɓewa a rami tun ba ta nuna ba, kuma roƙonmu shi ne ikilisiya ta ba mu tsohuwar gonar kwakwarta da ke babban tsibiri mu koma gaba ɗaya, da cocinmu da harshenmu. Tana bugawa tana share hanci, wai mura take yi. Ta bi sakataren taron har mota sai da aka sa maganarmu a jerin ranar Alhamis.

Mata masu aikin sa kai ne ke ciyar da mu, mu kusan ɗari biyu. Shugabarsu Doris Vasula ce, 'yar tsibirin Isabel, mace mai murya kamar ƙahon jirgi. Ta kama ni ina shan kofi na huɗu na ruwan famfo, ta kira ni da sunan aikina na mai koyar da addini a coci, ta ce a gaban kowa, “Baba Katikis, taro ka zo ko tankinmu aka aiko ka ka ƙarar?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban gaya mata na manta ɗanɗanon ruwan da ba gishiri ba. Amma ta gane, don tun daga nan kullum ina samun kwalba cike a kan kujerata. Ina sha ina tuna ku.

Ki ce wa jama'a su yi azumi ranar Alhamis in takardar ta iso kan kari.

Mijinki,
Dudley Taea


Honiara, Jumma'a, 10 ga Nuwamba

Ethel tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ina fata kuna lafiya, kuma an samu ruwan sama. Ni jikina lafiya. Sauran ba lafiya ba.

Jiya na tsaya a gaban bishop-bishop da limamai da wakilan ƙasar nan duka. Minti biyar ake ba kowa. Ina tsakiyar maganar kabarin mahaifinki, yadda muka tsinci ƙasusuwansa a bakin ruwa muka naɗe a tabarma, sai lokaci ya cika. Alfred, wani direba daga tsibirin Makira da aka ɗora wa kaɗa ƙararrawa, ya ɗaga ta ya riƙe a sama, ya ƙi kaɗawa har na gama. Na ga manya suna share ido. A raina na ce shi ke nan, Allah ya ji mu.

Sai lauyan ikilisiya ya miƙe. Mutumin kirki ne. Ya ce gonar nan shekara tara ke nan tana gaban kotu, dangin da kakanninsu suka ba ikilisiya ita suna neman a mayar musu, kuma ba wanda ke da ikon ba da ko taku ɗaya sai an yanke hukunci. Aka kafa kwamiti ya duba lamarinmu ya kawo rahoto a taro mai zuwa. Taro mai zuwa shekara uku ne, Ethel. Aka tashi tsaye aka yi mana addu'a, aka wuce ga maganar littafin waƙoƙi.

Da ma akwai wanda zan yi fushi da shi, da na ji sauƙi. Babu. Wani dattijo daga dangin masu ƙarar ma ya same ni a waje, ya riƙe hannuna ya ce jikokinsa arba'in ne, ba su da inda za su dasa rogo, in yafe masa. Me zan yafe? Da ni ne shi, abin da zan yi ke nan.

Ban koma zauren ba. Na zaga bayan rumfar girki na zauna a kan itace. Matan suna fere dankali, ba wadda ta tambaye ni komai, sun riga sun ji ta lasifika. Doris ta miƙo mini wuƙa da kwando ta ce hannun banza ba ya zama a rumfarta, ko na bishop ne. Na yi fere har la'asar. Su suka hana ni faɗuwa jiya, ba su kuma san sun yi ba.

Shekara talatin da ɗaya ina gaya wa mutanenmu Allah ba ya barin nasa. Yau da safe na buɗe littafin addu'a, na kasa karanta layi ɗaya. Ke kaɗai na gaya wa wannan.

Kada ki faɗa wa kowa sakamakon tukuna.

Naki,
Dudley


Honiara, Lahadi, 12 ga Nuwamba

Uwargidana abar ƙaunata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ina fata wannan ta same ki da ƙarfin zuciya, don za ki buƙace shi.

An rufe taro yau da ibadar Jibin Ubangiji a coci. Da yake na fi sauran wakilai shekaru, ni aka zaɓa in yi jawabin godiya ga ma'aikata da masu aikin sa kai. Na so in ƙi, amma su waɗannan ba zan iya hana su godiya ba. Na sa aka kira su daga rumfa da ofis, suka shigo da zannuwan girki suna jin kunya. Na faɗi sunan wadda ke wanke bayan gida tun asuba, da masu ɗaukar kujeru, da matar da ta bar mijinta a asibiti ta zo ta dafa wa baƙin da ba ta sani ba. Na ce mu wakilai magana muka yi kwana shida, su kuwa aiki suka yi. Aka tafa musu da daɗewa.

Bayan an watse, Doris da Jenita da Alfred suka ja ni gefe. Ashe tun Alhamis masu aikin suka zauna a tsakaninsu. Jenita ta ba ni takarda ɗaya da ta buga. Sunayen gidaje ne. Wannan zai ɗauki yaro ɗaya, wancan biyu, su ci su yi makaranta kamar 'ya'yan gida. Alfred mai ɗaki biyu da 'ya'ya biyar ya rubuta ɗaya. Gaba ɗaya yara goma sha tara, wasu a nan Honiara, wasu Isabel, wasu Malaita, wasu Makira.

Doris ta ce, “Baba, ƙasa ba mu da ita. Tabarma muke da ita da tukunya. Ka kawo su kafin ruwan nan ya lalata musu ciki.”

Na yi godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Ban taɓa ganin alheri irin wannan ba. Amma ki duba abin da yake nufi. Na zo neman inda za mu koma tare, zan dawo da hanyar da za mu watse. Yaron da ya tafi Malaita yana ɗan shekara bakwai, da wane harshe zai yi mafarki in ya kai ashirin? Wa zai koya masa sunayen taurarin da muke bi zuwa Lata? Za su rayu, za su yi ƙiba, za su zama mutanen kirki a hannun mutanen kirki, Tevalo kuwa ta ƙare tun teku ba ta gama da ita ba. Kuma yaranmu sittin da uku ne. Ni za a sa wa ido in ce wannan ya tafi, wannan ya zauna ya sha gishiri.

Ga abin da na yi ban shawarce ki ba, ki yafe mini. Ba zan iya ce wa wata uwa ta saki ɗanta ba alhali nawa suna gida. Na ce wa Doris jikarmu Rosita, 'yar Lilian, ita ce za ta zo gidanta. Ta rungume ni tana murna, har ta fara maganar inda za ta shimfiɗa mata. Ki ɗinka wa yarinyar riguna biyu, ki ce na Kirsimeti ne. Lilian kuwa ki bar ni da ita, da bakina zan gaya mata.

Jirgi zai taso ranar ashirin. Na san duk gari zai fito bakin ruwa yana karanta fuskata tun daga nesa. Ina roƙonki, ko gwiwar tana ciwo, ki tsaya a gaba inda zan fara ganin ki, in ba haka ba ban san ko zan iya sauka daga kwalekwalen ba.

Ki yi mini addu'a, tunda ni na kasa.

Mijinki har abada,
Dudley Taea