Inuwar Honorabul

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Yau ma ruwan unguwa ya ƙare tun kafin azahar. Rijiyar burtsatsen nan mu muka yi karo-karo muka saya mata faifan sola bara, da fetur ya gagari janareta, wutar NEPA kuma sai dai labari. Da, tanki kan cika da hantsi. Inna ta dawo da jarka rabi, ta ce, "Kai da ka karanta lantarki, mi ya sami famfonmu?" Na ce sai na auna.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na aro mitar awon wuta a shagon Nelson mai gyaran waya da ke bakin tasha. Injin lafiya lau. Wayoyi lafiya. Allon ne. Tun da Honorabul, ɗan majalisarmu, ya sauya jam'iyya, yaransa suka cire ƙaramin allon hotonsa suka kafa ƙato mai sabuwar kala, a gabas da faifan. Inuwarsa na kwance kan faifai biyu har rana ta kusa tsakiya, kuma a jere aka haɗa su, in ɗaya ya shiga inuwa duk sai su yi rauni. Na sake aunawa don kada in yi wa mutum ƙage. Haka ne.

Takarduna suna hannun Honorabul ɗin. Kawu Maccido, shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, shi ya kai su. An ce akwai gurbin aiki a sakatariya.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na faɗa wa Kawu, a hankali. Ya cire sabuwar hularsa ya dube ni. "Kamaluddeen, mu da munka bi mutum zuwa sabon gida, mu za mu tuge mai hoto? Ka bari a ba ka aikin, sannan ka yi ilimi." Na ce to. Kullum to.

Laraba, 16 ga Afrilu
Ban iya cin tuwo ba. Mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Zurmi sun ƙaru a makarantar firamare, su ma a famfonmu suke ɗiba. An yi faɗa a layi, aka fasa wa wata tsohuwa bokiti. Ina tsaye da mita a aljihu. A teburin mai shayi ana cewa sola ce ta jabu, wasu na cewa kwamitin rijiyar ya ci kuɗi. Baba yana cikin kwamitin. Ya daina zama a dakalin masallaci.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Wataƙila in na jira wata ɗaya. Wataƙila Honorabul ya sake sauya jam'iyya su cire allon da kansu.

Asabar, 19 ga Afrilu
Na yi. Da safe, kowa na gani, don kada a ce sata na yi. Na haƙe ƙafafun allon, ban bari ko ƙwarzane ya taɓa hoton ba, na ja shi tsallaken hanya na kafa. Yari, babban yaron Honorabul, ya iso a babur. "Injiniya! Kwata ka sa maigida ya kalla?" Wallahi ban lura hoton na fuskantar magudanar ƙazanta ba, inuwa kawai nake lissafi. Na fara yi masa bayanin haɗin jere, ya ce in riƙe turancina, zai kai labari. Kafin hantsi ya gota tanki ya yi ambaliya, mata na ta guɗa. Ni kuwa na saɓa diga na koma gida.

Talata, 22 ga Afrilu
Kawu ya aiko da takarduna a leda. Ba saƙo.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Baba ya koma dakalinsa. Nelson ya ce wani mai ƙanƙara a Shinkafi na neman wanda zai duba masa sola, batir ba ya cika. Hanyar ba ta da daɗi, Inna ta ce in bi motar hantsi in juyo kafin la'asar. Ba aiki ba ne, dubawa ce kawai. Na ce wa Nelson ya tambayar mini kuɗin mita irin tasa. Tambaya kawai.