Garin Sandal a Hular Muhandis

Kalifoniya, Amurka
Rajab 1396

Zuwa ga matata Luba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da nauyin jikinki. Ki gaida Umma da mutanen Bani Malik. Saƙonki ya iso tuni. Hular nan da kika aiko kuwa tun ranar ba ta bar kaina ba, har wurin aiki tana nan ƙarƙashin 'yar hular takarda da suke ba mu.

Bayan haka, ina cikin damuwa. Kin san aikinmu: faifan silikon ne siriri, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, a kansa muke zana ƙananan sassan da ake sa wa rediyo da na'urar lissafi. Zanen ya fi gashi siranta. Ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a kai, halas, shi ke nan, wannan sashe ya mutu. Ni aikina in hana ta sauka. To, 'yan makonnin nan sai mutuwa suke yi. Na canza matatar iska, na sa an wanke bututan ruwa, na hana shiga da fensir, duk a banza. Wuni nake yi sunkuye a kan faifan nan ina dubawa. Masu bincike sun ce ƙurar ta itace ce. Itace fa, Luba, a ɗakin da ko tsinken sakace babu.

Mudir, shugaban wurin aikinmu, ya ce ba zai sa hannu a hutuna ba sai an gano inda take fitowa. Ni kuwa na yi miki alkawari ina Jidda kafin ki sauka. Wallahi abin yana cina. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Rafi'u

Bani Malik, Jidda
Sha'aban 1396

Ya Muhandis,

Wa alaikumussalam. Muna lafiya, Umma tana gaishe ka, ɗan cikin nan ma yana gaishe ka da ƙafa.

Wai ƙura ka je nema har Amurka? Ka zo unguwarmu, ana fasa titi, in auna maka da mudu. Na karanta wa Umma wasiƙarka, ta ce ita duk wannan karatu naka na injiniya, har ana ce maka Muhandis, ashe shara ka koyo. Yayana Abdulghani ya kai mu Abhur, bakin teku, shan iska, a can ma maganarka muka yi ta yi har ya gaji da mu.

Amma kai, ko kunya. Ka yabi hula, ba ka ce komai game da ƙamshin ba. Ka san wahalar da na sha? Turara ta kawai na so yi a kan kasko, Umma ta ce hayaƙi ba ya kai Amurka, a yi yadda ake yi wa matafiyi a gidansu. Na daka itacen sandal lilis, na tankaɗe, na farke shafin hular na zuba, na ɗinke da manyan ɗinki don ya riƙa fita. Duk sanda ka sunkuyar da kai zai ɗan zubo, ka tuna akwai mai jiranka.

Wasa nake yi, amma gaskiya ina jin tsoro. Haihuwar fari ce, ba na so in yi ta ba ka nan. Yalla, ka kama ƙurar nan ka taho.

Taka,
Luba

Kalifoniya
Ramadan 1396

Luba tawa,

Assalamu alaikum, barkanku da shan ruwa. Allah ya yi miki albarka, ya kuma shirye ki.

Ina karanta wasiƙarki na kai wurin sandal, sai na ɗora hannu a kaina. Na ruga ɗakin bincike, na ɗauki faifai mai tsabta, na karkaɗe hular a kansa, na leƙa ta madubin ƙara girma. Ga su nan, jajaye-jajaye, irin waɗanda nake farauta tun Rajab. Ni ne ɓarawon, ni ne ɗan sandan. Kullum in sunkuya in duba, in ƙara musu. Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa.

Na ɗauki hular na kai wa mudir. Ya juya ta, ya sansana, ya sake sansanawa, ya ce, "Wannan ita ce matsala mafi ƙamshi da na taɓa gani."

Daga nan na ce a raina, in hulata ta yi wannan, kayan sauran fa? Na bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Hodar mata tana zuba, rigunan sanyi suna zuba, gemun wani abokina ma ba a magana. Yanzu kowa sai ya sauya kaya a bakin ƙofa, ya rufe kai har wuya, iska ta kaɗe shi kafin ya shiga, kuma an hana sunkuyawa a kan faifai. Sassan da ke fita lafiya sun fi na kafin zuwan hular yawa.

Ya sa hannu, Luba. Ina nan tafe bayan salla. Farin cikina ba ya faɗuwa. Mudir kuma ya ce in roƙe ki sandal ɗin nan don matarsa, da sharaɗin ba zai shigo da shi aiki ba.

Ki gaida Umma, ki ce mata sharar ta yi kyau.

Mijinki,
Rafi'u

Bani Malik
Ramadan 1396

Ya Muhandis,

Wa alaikumussalam. Mabruk! Umma ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambaya ko na sauka ne. Ban sauka ba, muna jiranka, amma kada ka yi nawa.

Na daka na matar mudir. Hular kuma ka taho da ita, ai garin ya kusa ƙarewa, in sake cika ta. A gidan nan ka sunkuya yadda kake so, akwai wanda za ka duba.

Sai ka iso,
Luba