Ba Gwaggonku Ce Ta Tsinko Shi Ba

Da sunan Allah. 'Ya'yana, ƙafa ta daina ɗaukata, amma hankalina ƙalau yake, kuma babu wanda ya sa ni wannan rubutu.

Na ɗaya. A raba gida yadda addini ya ce. Keken ɗinki na riga na ba Auta tun ina da lafiya, kada a sa keken cikin lissafin gado.

Na biyu. Ƙaramin naman kazan nan mai launin ƙasa, wanda ke fitowa cunkus a ruɓaɓɓen kututture cikin kurmin bayan gidanmu idan an kwana biyu ana ruwa, na hana ku shi, ku da 'ya'yanku. Iri biyu ne, kuma sukan haɗu a kututture ɗaya. Wanda ake ci, ƙafarsa tana da ƙaiƙayi-ƙaiƙayi ƙasa da zoben da ke wuyansa. Mai kisa ƙafarsa sumul take, da farin zare-zare. Hularsu ba ta da bambanci. Shekara ashirin ina juya kowanne in duba ƙafarsa, rana ɗaya ce kawai ban juya ba.

Na uku, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da ban juya ba, hadari ya taso ina cikin kurmi, na yanke su daga sama da sauri, na bar ƙafafun a jikin itace. Na miƙa wa Gwaggonku kwandon, ta dafa wa babanku. Ku kuna makaranta, mu biyu muna azumi. Kwana shida ya yi a asibiti, ya rasu.

Da dangi suka tambayi wanda ya tsinko, na yi shiru, duk ido ya koma kanta. Ta dube ni sau ɗaya, ba ta ce komai ba. Na san saboda ku ta rufa mini asiri, don kada ku rasa uba ku kuma tsani uwa. Shekara goma sha takwas ke nan ba kwa gaishe ta, ina gani, tsoro ya hana ni magana.

Na huɗu. Babba, kai ne ka rufe mata ƙofa ranar aurenka. Laifin nawa ne, amma kai za ka shige gaba. Ku je ku uku, ku durƙusa, ku karanta mata wannan takarda. Kada ku roƙa mini gafararta. Idan ta yafe don kanta, to.

Ku ma ban tilasta muku ku yafe mini ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, ku riƙe ta, ta tsufa ita kaɗai.

Mahaifiyarku