Ƙahon Ɗantsoho da Zuciyar Baba

Landan, 9 ga Maris, 1978

Yaya Husaina,

Bayan gaisuwa, ya Inna da yara? Ya jikin Baba?

Na ga takardarki. Wai kun kai shi Tsafe, Ɗantsoho wanzami ya kafa masa ƙaho don rage jinin da ya hau. Mutumin da ko aski ba ya gamawa bai yanki kunne ba, shi kuka damƙa wa Baba?

A asibitin da nake karatu muna ɗora na'ura a ƙirji, ta aika sauti ciki, ta zana motsin zuciya a takarda. Zuciyar mai hawan jini takan yi kauri, ta kasa saki ta cika. Ina zaton shi ya sa Baba ke haki kafin ya kai masallaci. Wannan ne ƙaho zai tsotso? Ku kai shi asibitin Gusau, ku rage masa gishiri da kanwa. Allah ya ba shi lafiya.

Ni lafiya lau, sai sanyi. Makon jiya an ɗora mini na'urar, gwaji kawai. Malaminmu ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanenki,
Lawwali